Yadda APC ta kwashe kujeru 57 a Legas, da inda ƙuri'ar Bahaushe ta maƙale

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan gwari ne a kasuwar Mile 12. Na ji sakamakon zaɓen ƙananan hukumomin Legas na Yulin 2025, an ce APC ta cinye kujerun ciyaman 57 gaba ɗaya. Abu biyu ne suka ɗaure mini kai. Mu dai ƙananan hukumomi 20 muka sani, daga ina 57 suka fito? Sannan ba a nan Legas ɗin Peter Obi ya kayar da Tinubu a 2023 ba? To ina waɗancan mutanen suka shige? In maguɗi ne zalla a gaya mana gaskiya, mu daina asarar ranar kasuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da ka ji haka yake. An yi zaɓen ranar Asabar 12 ga Yulin 2025, kuma hukumar zaɓen jihar, LASIEC, wadda tsohuwar alƙaliya Bola Okikiolu-Ighile ke shugabanta, ta ce APC ta ci ciyamomi 57 da kansiloli 375 cikin 376. Guda ɗayar da ta kuɓuce mata, PDP ce ta ɗauke a wata mazaɓa ta Yaba. Ba yau farau ba. A 2017 da 2021 ma APC ce ta kwashe ciyamomin kakaf, kujerun kansilan da 'yan adawa suka tsira da su a kowane karo ba su kai goma ba.

Bari in fara da 20 da 57, don shi ya fi sauƙi. Kundin tsarin mulkin 1999 ya jera sunayen ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, 20 daga cikinsu na Legas ne. Tun da daɗewa mutanen Legas suna ganin an kware su, domin Kano tana da 44, Jigawa da aka cire daga jikinta a 1991 tana da 27, alhali ƙidayar 2006 ta ba Kano mutum kusan miliyan 9.4, ta ba Legas kusan miliyan 9.1. Kuma yawan ƙananan hukumomi yana cikin abin da ake dubawa wajen rabon kuɗin tarayya. Shi ya sa a 2003 Bola Tinubu, yana gwamna a lokacin, ya ƙirƙiro sababbi 37. Obasanjo ya ce bai san zancen ba, ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas. Da aka je Kotun Ƙoli, a Disamban 2004 ta raba musu gardama: ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin, amma kuma sababbin hukumomin ba su cika ba har sai Majalisar Tarayya ta shigar da sunansu cikin kundi. Kuɗin bai gama fitowa ba sai da marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ya hau mulki a 2007 ya ba da umarnin a saki. Majalisar Tarayya kuwa har yau ba ta shigar da su ba.

Dabarar da Legas ta yi ita ce ta sauya musu suna zuwa yankunan raya ƙasa, waɗanda kowa ke kira LCDA, ta bar musu ciyaman da kansiloli da sakatariya kamar kowace ƙaramar hukuma. Abuja tana turo kason hukumomi 20, a nan gida a raba shi gida 57. Kai kanka misali ne. A takardar tarayya kasuwarku tana cikin Kosofe, amma wanda ke aiko muku da masu yankar rasit shi ne ciyaman na Ikosi-Isheri. An raba Agege biyu, Agege da Orile-Agege. Obalende tana cikin Eti-Osa a wajen tarayya, a wajen jiha kuma Ikoyi-Obalende ce. Alimosho, da ta fi kowace girma, gida shida aka yi ta. Wannan ruɗani yana da ɗan tasiri a ranar zaɓe, domin mazaɓun da INEC ta sani a Legas 245 ne, na LASIEC kuwa 376. Sai ka ga mutum ya san lambar mazaɓar da ke jikin katinsa, bai san sunan mazaɓar da zai zaɓi kansila a cikinta ba.

Yanzu ga babbar tambayar. Kafin ka zargi Legas ita kaɗai, waiwayi gida. A Oktoban 2024 NNPP ta lashe ƙananan hukumomin Kano 44 duka. A Oktoban dai APC ta lashe 23 na Kaduna da 27 na Jigawa. A Afrilun shekarar PDP ta share 33 na Oyo. Jam'iyyu uku, ba su haɗa komai ba sai abu ɗaya: kowace ita ce ta gwamnan jihar a lokacin. Sai ka ɗauko Abuja ka ajiye a gefe. Zaɓen ƙananan hukumominta shida INEC ce ke yinsa, tun da babu gwamna a can, kuma a Fabrairun 2022 APC ta ci uku, PDP ta ci uku, har da ta tsakiyar birnin, duk da cewa APC ce ke riƙe da fadar shugaban ƙasa. Mutanen Abuja ba wasu halittu daban ba ne. Alƙalin wasan ne ya bambanta.

Kundin tsarin mulki shi ya ba kowace jiha hukumar zaɓenta, ya ce gwamna ne zai naɗa shugabanta da mambobinta, majalisar jiha ta tabbatar. Kuɗin aikinta daga gwamnatin jiha yake fitowa. Dokar da za ta bi, da tsawon wa'adin ciyamomi, majalisar jiha ce ke tsarawa. A Legas, APC ta ci kujeru 38 cikin 40 na wannan majalisa a 2023. Ko da waliyyi aka ɗora a kan hukumar, an riga an tsara filin ta yadda zai yi wa ɗan adawa tsauri. Ni a ganina wannan shi ne tushen ciwon, kuma shi ya sa ake ta kiran a mayar wa INEC da zaɓen ƙananan hukumomi. Gwamnoni ba sa so, kuma gyaran kundi ba ya yiwuwa sai kashi biyu bisa uku na majalisun jihohi sun amince, majalisun da ke aljihun gwamnonin.

To amma idan na ce maka maguɗi ne kawai, na rage maka gaskiya. A Legas, ko an yi zaɓen tsakani da Allah, da wuya sakamakon ya sauya da yawa a irin yanayin da aka shiga zaɓen 2025, kuma dalilin yana cikin alƙaluman 2023 ɗin da ka kawo. Obi ya sami ƙuri'a 582,454, Tinubu ya sami 572,606. Tazarar ba ta kai 10,000 ba, a jihar da ke da masu rajista sama da miliyan 7. Ko a wannan rana da gari ya ɗau zafi, waɗanda suka fito ba su kai mutum ɗaya cikin biyar ba. Mako uku bayan nan aka yi zaɓen gwamna, Babajide Sanwo-Olu na APC ya sami 762,134, Gbadebo Rhodes-Vivour na Labour, jam'iyyar Obi a lokacin, ya sami 312,329. An yi ƙorafi sosai a ranar cewa an tsorata waɗanda ba 'yan asalin jihar ba, musamman Inyamurai, an hana su zuwa rumfuna, kuma ba ƙorafin banza ba ne. Sai dai ko da hakan, abin da ya bayyana shi ne ƙuri'ar Obi ta mutum ɗaya ce. Matasa da ma'aikata da 'yan coci da 'yan kasuwar Alaba da suka yi masa layi tun asuba, saboda shi suka fito. Mafi yawansu ba su san sunan kansilansu ba, ba su taɓa taka ofishin jam'iyya na mazaɓa ba.

Zuwa 2025 kuwa Labour ta dare gida-gida ana rigimar shugabanci tun daga sama. Abdul-Azeez Adediran, wanda aka fi sani da Jandor, da ya yi wa PDP takarar gwamna a 2023, ya koma APC watanni kaɗan kafin zaɓen. Ita kuwa APC, in ka bi asalinta daga AD zuwa AC zuwa ACN, tun 1999 take mulkin jihar nan ba a taɓa katse ta ba. Tana da shugaba a kowace mazaɓa, da shugabar mata, da shugaban matasa. Shugabannin kasuwanni nata ne, 'yan tasha nata ne, ƙungiyoyin masu gidajen haya da na masu sana'a duk akwai igiyar da ta ɗaure su da sakatariya.

Duba batun wakilan akwati kaɗai. Rumfunan zaɓe a Legas 13,325 ne. Jam'iyyar da ke son ta tsare ƙuri'arta sai ta ajiye aƙalla mutum ɗaya a kowace rumfa. A ce naira 5,000 kacal za a ba kowane, ka ga an haura miliyan 66, ba a yi maganar abinci da mota da fosta ba. Ƙaramar jam'iyya ba ta da wannan. Rumfar da babu wakilinka kuwa, abin da aka rubuta shi ne sakamako, ba ka da takardar da za ka ƙaryata shi da ita.

Na sa ido a irin wannan zaɓe a rumfunan Agege da Mushin, kuma abin da ake gani kusan iri ɗaya ne. 'Yan sanda sun hana zirga-zirga daga safe, titin da kullum ake cunkoso ya zama filin ƙwallo, yara sun jera duwatsu sun yi raga. Ma'aikatan zaɓe suna zaune ƙarƙashin rumfar tamfol, ga akwati biyu, na ciyaman da na kansila, kana hango ƙasan kowane ta jikin robar. Wata dattijuwa sanye da ankon jam'iyya tana zaune a benci can gefe da littafi a cinya, duk wanda ya dangwala ya wuce sai ta yi masa alama. Da rana ta take sai ta kira wani yaro ta karanta masa sunayen da ba su zo ba, ya bi su gida-gida. Wannan baiwar Allah ita ce ke cin zaɓen. A tsallaken titi kuma ga mutanenmu, an rufe shago, an shimfiɗa tabarma a gindin masallaci, ana shan shayi ana kallo kamar bikin wasu. In ka tambaya, wannan ya ce katinsa na Ɗambatta ne, wancan na Illela, wancan kuma ya ce ai an riga an rubuta.

"An riga an rubuta" ɗin nan akwai gaskiya a ciki, amma ba a ranar Asabar ake rubutawa ba. Ainihin zaɓen shi ne na fidda gwani na APC, wanda a 2025 aka yi a watan Mayu. A nan ake fafatawa ta haƙiƙa, a nan ake kashe kuɗi, a nan ake kuka. A wurare da yawa masalaha ake cewa an yi, wato manya su zauna su fitar da mutum ɗaya, sauran a ba su haƙuri. Jam'iyyar tana da majalisar dattawa da ake kira GAC, wadda maganarta ke da nauyi ƙwarai a kan wa zai tsaya a ina. Duk zanga-zangar da aka gani kafin zaɓen, ta 'yan APC ce a kan 'yan APC, suna kukan ɗauki-ɗora. Wanda ya sami tikiti a Mayu ya san ya gama, Yuli shaida ce kawai. Jama'a ma sun san haka, shi ya sa ba sa fitowa, rashin fitowarsu kuma shi ke ƙara sauƙaƙa wa mai tikitin.

Inda ake yin aringizo, in za a yi, yawanci ba a gaban jama'a ba ne. A ƙa'ida ana ƙirga ƙuri'a a rumfa da babbar murya, a rubuta a takardar sakamako, wakilai su sa hannu, kowa a ba shi kwafinsa. Daga nan a kai cibiyar tattarawa ta mazaɓa, a bayyana kansila, a wuce sakatariya a haɗa na ciyaman, sannan hedikwatar LASIEC da ke Sabo a Yaba ta yi sanarwar gaba ɗaya. Tsakanin rumfa da cibiyar tattarawa ne 43 ke iya zama 430. Shafin intanet ɗin da INEC ke ɗora hoton takardar kowace rumfa a kai, na INEC ne, wannan zaɓe bai shiga ciki ba. Saboda haka kwafin da ke hannun wakili shi ne makamin ɗan takara ɗaya tilo. Akwai kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta jiha, kuma an taɓa ganin ta motsa. Bayan zaɓen 2011, Babajide Obanikoro na PDP ya kai ƙara a kan kujerar ciyaman ta Ikoyi-Obalende, kotun farko ta ce shi ya ci, ta ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin. Daga baya shi ma ya koma APC, har ya je Majalisar Wakilai a 2019. Ka ga yadda ake ƙarewa.

To shin ya cancanci ka rufe rumfarka saboda wannan? A kan kujerar ciyaman, ba zan yaudare ka ba, ƙuri'arka ba za ta kayar da ɗan takarar APC a Ikosi-Isheri nan kusa ba. Kujerar kansila kuwa lissafinta daban ne, kuma a nan nake so ka tsaya.

Raba masu rajista miliyan 7 gida 376, za ka sami kusan mutum 19,000 a kowace mazaɓa, wata ta fi haka, wata ba ta kai ba. A ce mutum ɗaya cikin goma ya fito, ƙuri'un ba su kai 2,000 ba. Wanda ya haɗa 1,000 ya zama kansila. Yanzu ka tuna yawan mutanen da ke cika masallacin Juma'a na Hausawa a Agege, ko Idi-Araba, ko cikin kasuwarku, har sahu ya fito titi. Mutanen da ke sallar Juma'a a ɗayan waɗannan wurare sun isa su yanke hukuncin mazaɓa guda, da katinsu na nan ne. Hausawa sun haura shekara ɗari a Agege, tun zamanin fataucin goro da zuwan jirgin ƙasa. Akwai waɗanda a nan aka haifi kakanninsu, Yarabanci a bakinsu kamar ruwa. Doka kuma ba ta hana su ba. Sashe na 7 na kundin tsarin mulki ya ce duk wanda ya cancanci ya zaɓa ko a zaɓe shi a majalisar jiha, ya cancanci haka a ƙaramar hukuma, sashe na 42 kuma ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko garin asalinsa. Abin da doka ta ce lalle sai da shi shi ne jam'iyyar da za ta tsayar da kai, domin babu takarar ɗan kai-da-kai a Najeriya.

Kada kuma a raina kujerar. Mudashiru Obasa, kakakin majalisar Legas tun 2015, wanda aka tsige a Janairun 2025 ya dawo kujerarsa a Maris, da kansila ya fara a Agege a 1999. Ban da haka, dubi abin da jadawali na huɗu na kundin ya danƙa wa ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, banɗakunan jama'a, maƙabartu, lasisin kekuna da baro da amalanke, kula da shaguna da kes-kes da gidajen abinci, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sanya wa tituna suna da ba gidaje lamba, sannan hannu a makarantun firamare da ƙananan asibitoci. Karanta jerin nan a hankali, Alhaji, za ka ga kusan sana'o'in mutanenmu ne aka lissafa. Ɗan gwari, mahauci, mai baro, mai shayi, mai tireda. Yaron da ke tura maka kwandon tumatir daga bakin tirela zuwa rumfa, kafin ya sami kuɗin karin kumallo an yanka masa tikiti, wani lokaci biyu, kowane da hatiminsa daban, kuma bai san wanne ne na hukuma wanne ne na 'yan iskan gari ba. Majalisar kansiloli ce ke amincewa da dokokin da ke ƙayyade irin waɗannan kuɗaɗe, ita ke duba kasafin ciyaman. Idan ana wannan zama babu mai jin Hausa a ɗakin, kada ka yi mamakin abin da zai fito. Batun filin maƙabarta ma, da kowace unguwar Hausawa a Legas ke fama da shi, nan ne ƙofarsa ta farko.

Amma a san iyakarta, don kada ɗan takara ya zo ya sayar muku da abin da ba nasa ba. Hana acaba hukuncin gwamnatin jiha ne. Ita ta hana a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa daga 1 ga Yunin 2022, ta ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin daga 1 ga Satumba. Rusau da kamen da jami'an jiha ke yi, da kwashe shara, da harajin filaye, duk daga Alausa, mazaunin gwamnatin jiha, ake juya su. A aikace ma jihar ta janye abubuwa da dama da kundi ya ba ƙananan hukumomi zuwa hannunta. Duk kansilan da ya yi maka alkawarin dawo da acaba, ƙarya yake yi. Abin da zai iya shi ne ya ji labari da wuri, ya kai ku gaban ciyaman, ya tsaya muku a ofishin 'yan sanda, ya sa baki a rabon rumfuna in an sake gina kasuwa. Wanda ya taɓa wayar gari ya ga takardar tashi manne a ƙofar shagonsa ya san darajar jin labari da wuri.

Kuɗin da ke shiga hukumomin nan ma ya kamata ya ƙara jan hankali. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye ba ta asusun haɗaka da jiha ba, kuma haramun ne gwamna ya naɗa kantomomi a maimakon zaɓaɓɓu. Legas ma ta yi zamanin kantomomi, daga ƙarewar wa'adin waɗanda aka zaɓa a 2011 har zuwa 2017. Aiwatar da hukuncin yana ta jan ƙafa a ƙasa baki ɗaya, kuma a Legas ya tayar da tsohuwar tambaya: in kuɗi ya faɗa asusun Kosofe kai tsaye, wa zai tilasta mata ta raba da Ikosi-Isheri da Agboyi-Ketu?

Matsalarmu ta farko ita ce kati. LASIEC ba ta da rajistarta, da ta INEC take aiki, kuma a rumfar da sunanka yake kawai za ka yi zaɓe. Da yawanmu shekara goma, ashirin muna Legas, amma katin yana gida. In babban zaɓe ya zo, ɗan siyasar gida ya aiko da motoci, a kwashi mutane a tafi. Ba na zargin kowa, domin wanda iyalinsa da gonarsa ke Jibiya yana da hujjar ya damu da gwamnan Katsina, kuma mutum ba zai yi rajista biyu ba, laifi ne. Ɗan ci-rani da ke zuwa bayan girbi ya koma da damina, ya bar katinsa inda yake. Maganata da mazaunin da 'ya'yansa ke makaranta a nan, shagonsa a nan, in ya mutu a nan za a binne shi. Shi kam ya kamata ya auna: ƙuri'arsa ɗaya cikin miliyoyi a zaɓen gwamnan gida, ko ɗaya cikin dubu biyu a mazaɓar da ake yanka masa rasit kullum. Dokar zaɓe ta yarda a sauya wurin rajista. Idan INEC ta buɗe rajista, za ka nema a shafinta na intanet ko a ofishinta na ƙaramar hukumarku, a mayar da sunanka rumfar da ke kusa da gidanka. Ba a biyan ko kwabo.

Ta biyu ita ce yadda muke ciniki da 'yan siyasa. Zaɓe ya matso, ɗan takara ya zo fadar Sarkin Hausawa, a ɗora masa babbar riga da hula, a yi addu'a, ya ajiye buhunan shinkafa da atamfofi, Sarki ya ce jama'ata na tare da kai. Ina girmama sarakunanmu, sun kashe wutar fitina da yawa a garin nan, wanda ya ga rikicin Mile 12 na Maris 2016 ya san amfanin samun babba da hukuma ke sauraro. Sai dai ɗan siyasar Legas ba da yawan waɗanda suka tarbe shi yake lissafi ba. Ranar Litinin bayan zaɓe zai sa a kawo masa sakamakon rumfa-rumfa, ya duba rumfunan unguwar Hausawa. In ya ga masu rajista 700, ƙuri'a 60, ya gane farashinku, kuma shinkafar da ya kawo ta biya. In ya ga 400, ko shi aka ba ko abokin hamayyarsa, zai dawo da kansa, kuma wannan karon za a yi maganar kujerar kansila, ko mataimakin ciyaman, ko kansila mai gafaka. Shi ya sa nake cewa fitowa tana da amfani ko da an san wanda zai ci.

Ta uku, kuma wadda ta fi wuya, ita ce shiga jam'iyya tun daga tushe. Tun da a fidda gwani ake yanke magana, wanda ba ya cikin ɗakin ba shi da ta cewa. Shugabannin jam'iyya na mazaɓa su ne ke zama wakilai masu zaɓen ɗan takara, kuma su ma zaɓensu ake yi a taron mazaɓa. Ba na ce maka APC ko wata ba, wannan ra'ayinka ne. Amma a yanki kati, a riƙa zuwa taron mazaɓa, a biya kuɗin wata, a san fuskarku. Haka ƙungiyoyin ci gaban unguwa da ake kira CDA, waɗanda gwamnatin Legas ta amince da su kuma ciyamomi ke zama da su: ɗan haya ma yana da damar shiga, amma da wuya ka ga namu a wurin, sai in an zo karɓar kuɗin gadi ko na gyaran taransifoma. A tura matasan da aka haifa a nan, masu Yarabanci da boko. Su ne za su iya zama a taron da ake yi da Yarabanci daga farko har ƙarshe su gane inda aka dosa.

Wa'adin ciyamomi da kansiloli a Legas shekara huɗu ne, saboda haka in ba a sauya doka ba, zaɓe na gaba zai faɗo a 2029. Kafin nan akwai babban zaɓen 2027, kuma rajistar da aka yi amfani da ita a can ce LASIEC za ta ɗauka. In ƙungiyarku ta kasuwa da gaske take, ta fara da ƙirga mambobinta da ke kwana a mazaɓa ɗaya, ta ware masu katin Legas da marasa shi, ta nemi sunayen rumfunan da ke kewaye da kasuwar. Sannan a ranar zaɓe a sami mutum biyu a kowace rumfa da za su tsaya har a gama ƙirga, su ɗauki hoton takardar sakamakon da waya kafin ta bar wurin.